Bakin Dorugu da Tawadar Malamai: Yadda Littafi Mai Tsarki Ya Koyi Hausa

Sarkin Yamma, a gundumar Madarunfa, ƙasar Musulmi ce, kamar kusan dukkan garuruwan da ke kwance a kwarin Gulbin Maraɗi. Kiran salla ke tada mutane da asuba, karatun allo ke rufe dare. Amma ba a yi nisa daga nan ba sai a isa Danja, inda 'yan mishan suka buɗe asibitin kutare a 1956, in kuma aka haura arewa da Maraɗi ga Tsibirin Gobir, inda suka zauna tun ƙarshen shekarun 1920. A waɗannan wurare akwai Kiristoci 'yan ƙalilan, Hausawa gaba da baya, masu ibada da Hausa. Manomi Musulmi da hanya ta bi da shi ta gefen majami'arsu ran Lahadi, in ya kasa kunne, zai ji ana ambaton Allah da Ubangiji, annabawa da mala'iku, Attaura da Zabura, Ibrahim da Musa da Dawuda, zunubi da tuba da gafara da ranar shari'a. Babu ɗaya a cikinsu da zai zame masa baƙuwa. Amsar da aka saba bayarwa in an tambayi asalin Littafi Mai Tsarki na Hausa ita ce Turawa suka kawo shi. Gaskiya ce, amma guntuwa. Turawa sun kawo takarda da injin ɗab'i da naci. Harshen da ke cikin littafin kuwa daga bakin Hausawa aka ɗebo shi, kalmominsa na addini kuma malaman Musulunci ne suka sassaƙa su shekaru ɗaruruwa kafin wani ɗan mishan ya ji kalmar Hausa ta farko. Duk lokacin da masu fassara suka yarda da wannan bashi aikinsu ya yi kyau, duk lokacin da suka nemi guje masa sai ya yi rauni.

Dole a fara da abin da suka tarar. Tarihin Kano ya danganta zuwan Wangarawa da zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Al-Magili ya sauka Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, ƙarshen ƙarni na 15, Katsina kuma ta fitar da irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17. A duk tsawon wannan lokaci ana wani aiki da ba a cika lissafa shi a matsayin fassara ba, saboda ba a kan takarda ake yin sa ba. Tafsiri ke nan. Mai jan baƙi ya ja aya da Larabci, malam ya mayar da ita Hausa gaban jama'a, kalma bayan kalma, azumi bayan azumi. A irin wannan zama ne Hausa ta samu kalmomin magana a kan lahira da ruhu da wahayi da hisabi, wasu ta ara ta lanƙwasa su har suka zama nata, wasu kuma nata ne na gado ta ɗora musu sabon nauyi, kamar Ubangiji da tsarki da ceto. Masu jihadi suka zo suka zuba wannan a waƙoƙin wa'azi da ajami, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana cikin na gaba. Ko sarakunan Katsina da suka kafa Maraɗi bayan jihadi ya raba su da birninsu, da Gobirawan da suka kafa Tsibiri a 1836, faɗansu da Sakkwato bai hana su riƙe limamai da malamai a fada ba. Saboda haka harshen da ɗan mishan ya zo nema ya riga ya iya zancen Allah ɗaya, ya san annabawa da sunayensu.

Wanda ya fara aikin fassarar shi ne James Frederick Schön, Bajamushe da ke wa ƙungiyar mishan ta CMS ta Ingila aiki. A Saliyo ya fara jin Hausa, a bakin bayin da jiragen ruwan Ingila suka ƙwato daga masu fataucinsu aka sauke a Firitawun. A 1841 ya bi ayarin da ya hau Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, zazzaɓi ya karkashe Turawan ayarin da dama, aka juyo. A 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. Schön bai taɓa taka Kano ko Katsina ko Damagaram ba har ya mutu a 1889. Abin da ya ɗaga aikinsa wani yaro ne. Dorugu ɗan ƙauyen Dambanas ne, wajen Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi yana ƙarami a wani hari, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Barno, inda Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Overweg ɗin nan ya ratsa Maraɗi da Gobir a 1851, ya mutu a bakin Tafkin Cadi a 1852. Yaran biyu suka koma hannun Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, suka bi shi Katsina da Sakkwato da Tambutu, daga bisani suka ƙetare Sahara da shi, suka isa Landan a 1855. Nan Schön ya same su, har abin ya jawo ɓacin rai tsakaninsa da Barth. Abbega ya koma gida a 1857, ya zama sarkin Lakwaja daga baya. Dorugu ya zauna gidan Schön a yankin Chatham har 1864.

Ya kamata a tsaya a kalli wannan ɗaki. Dattijo mai Jamusanci da Turanci da Girkanci yana riƙe da alƙalami, saurayin da bai kai ashirin ba yana ba shi labarin mahaifinsa da gonarsu, da ranar da aka kama shi, da ƙishirwar hamada, da yadda Turawa ke cin abinci da cokula iri iri. Dattijon yana rubuta abin da kunnensa ya kama, yana tambaya, yaron yana maimaitawa. Kwanan watan littattafan Schön ya isa shaida. Kafin zuwan Dorugu, shekara goma sha biyu babu abin kirki da ya fito bayan ɗan littafin 1843. Bayan zuwansa, a 1857 aka buga Matiyu da Yahaya da Ayyukan Manzanni, Farawa da Fitowa suka biyo baya a shekaru biyu, nahawu ya fito a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari cikakke a 1880, sannan Magana Hausa a 1885, wanda ke ɗauke da tarihin rayuwar Dorugu daga bakinsa. Faransawa sun ba Schön lambar Volney a 1877, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Sunan da ke bangon littattafan nasa ne. Hausar da ke ciki, inda ta yi daɗi, ta ɗan Damagaram ce.

Wani zai ce ai fassarar Schön ba ta yi tasiri ba, kuma ba laifi in ya faɗi haka. Kunnen Schön bai rarrabe ɓ da b, ko ɗ da d, ko ƙ da k yadda ya kamata ba, jimlolinsa da yawa ginin wani harshe ne aka yi wa yaɓe da kalmomin Hausa, kuma an buga littattafan da haruffan boko a lokacin da duk mai karatu a ƙasar Hausa ajami ya sani. Sai dai a duba inda raunin yake. Dorugu an raba shi da gida yana yaro, bai yi zurfi a karatun zaure ba, Hausarsa ta gona ce da kasuwa da zango. Ta isa ba da labarin Yusufu da 'yan'uwansa, amma wasiƙun Bulus suna bukatar harshen da aka goge a gaban malamai. Abin da aikin farko ya rasa ke nan, kuma waɗanda suka biyo baya sun gane. William Balfour Baikie, wanda ya zauna Lakwaja har ya kai ziyara Kano a 1862, ya fassara Zabura yana cuɗanya da fatake da malamai. Charles Henry Robinson, wanda aka tura bayan mutuwar ɗan'uwansa John a Lakwaja a 1891, ya isa Kano a 1894, abin da ya fi ɗoki a kai kuma shi ne waƙoƙin wa'azi na ajami, waɗanda ya buga a 1896. Mutumin da ya zo shirya hanyar Linjila ya koma gida da takardun almajirai a jakarsa, domin a nan harshen da yake nema yake.

Mai kammala aikin shi ne Likita Walter Miller. A Tarabulus ya fara koyon Hausa wurin alhazai da fatake, a can kuma ya haɗu da wani yaro Bakatsine, Abdul Majid Tafida, wanda ya zame masa abin da Dorugu ya zame wa Schön. A 1900 Miller yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano, Sarki Alu ya ba su kwanaki kaɗan su bar masa gari. Suka ja da baya zuwa Girku. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya da asibiti da makaranta, ya daɗe ba sa ga maciji da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, a 1929 aka fitar da mishan ɗin zuwa Wusasa. A tsakiyar wannan zama, a 1913, wasu mutane suka zo wurinsa da ake kira Isawa. Almajiran wani Malam Ibrahim ne na Kano, wanda karatun Alƙur'ani ya kai shi ga fifita Annabi Isa, aka kashe shi a Kano a ƙarni na 19, mabiyansa suka watse wajen Ningi da ƙasar Zazzau. Waɗannan mutane daga cikin zauren malamai suka fito, da harshen zaure a bakinsu. Wasunsu suka zama Kirista suka zauna a Gimi, har ciwon barci ya tarwatsa garin. Daga zuriyarsu Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966. A cikin irin wannan jama'a Miller ya yi ta gwada jimlolinsa, tare da wakilan sauran mishan, har Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito a 1932, shekara 75 bayan Matiyu na Schön.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne cewa duk wannan reshe ne na mulkin mallaka. Ba za a share shi da hannu ɗaya ba. Miller abokin Gwamna Lugga ne, bai ɓoye ƙiyayyarsa ga sarautar Fulani ba, kuma yana cikin waɗanda suka matsa a rubuta Hausa da boko a bar ajami, da niyyar raba harshen da Larabci. Wannan niyya ta yi wa ajami illa da har yau ba ta warke ba. Amma labarin bai miƙe kamar yadda ake so ya miƙe ba. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903 Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, kuma shekaru da dama gwamnatin Turawa ita ce ke tare 'yan mishan daga shiga biranen sarakuna, Miller kuwa ya ƙare rayuwarsa yana sukar wannan tsari. A ɓangaren Faransa abin ya fi haka tsami. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, ta shiga Damagaram a 1924, ta zauna Tsibiri, ta buɗe Maraɗi a 1940 da asibitin Galmi a 1950, amma mutanenta masu Turancin Ingilishi ne, kwamandojin Faransa suna yi musu kallon 'yan leƙen asirin Ingila, musamman a zamanin gwamnatin Vichy ta Faransa. Lakwal ta gwamnati Faransanci zalla take koyarwa, ba ta da wurin Hausa. A ƙasar Maraɗi ta wancan zamani, wurin da talaka zai koyi karanta Hausar boko shi ne wurin 'yan mishan, littafin karatun kuma shi ne wannan fassara. Kayan da mai mulki ke zargi da hararo ba za a kira shi sandar mai mulki kai tsaye ba.

Akwai wani abu kuma da mutanen kwarin Maraɗi suka fi kowa ji a kunnensu. Littafin ya ƙetaro iyaka ne daga kudu, da Hausar Kano da Zazzau. Mutumin da ke cewa shina tahiya sai ya karanta yana tafiya, mai cewa mishi ya karanta masa. Ɗan Damagaram ne ya buɗe ƙofar, amma da littafin ya dawo ƙasarsu bayan shekara saba'in da wani abu, ya dawo da karin harshen wasu. Ikkilisiyar da ta tsaya da ƙafarta a lokacin samun 'yancin kai, wadda aka sani da EERN, ta gaji wannan Hausa ta littafi a mumbari, masu wa'azi suna karanta ta sannan su warware ta da harshen gida, kusan yadda mai tafsiri ke yi.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana shafin farko na bugu biyu, in aka ajiye su gefe da gefe. A bugun 1932 za a ga Yohanna da Yunana da Kristi, da Misalai, da Ru'ya ta Yohanna. A bugun da Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Najeriya ta fitar a 1979, wanda 'yan ƙasa suka fi sa hannu a ciki, sai a ga Yahaya da Yunusa da Almasihu, da Karin Magana, da Wahayin Yahaya, Kubawar Shari'a kuma ta koma Maimaitawar Shari'a. A lura da inda sauyin ya nufa. Da alƙalami ya matso hannun masu harshen, littafin bai yi nesa da kalmomin Musulmi ba, matsowa ya yi. Bahaushe ya san Yunusa da cikin kifi tun yana goye, yana da maƙwabci mai suna Yahaya, Yunana kuwa sai an yi masa bayani. Inda harshen ba shi da abin bayarwa ne kawai aka yi aro daga waje, kamar firist da baftisma da ikkilisiya, kuma har yau waɗannan su ne kalmomin da ke da ƙamshin baƙunta. Bishara ba ta da shi, domin duk wanda aka taɓa ce wa albishirinka ya amsa da goro ya riga ya san tushenta. Sunan Yesu ne kaɗai aka riƙe gam ba a mayar da shi Isa ba, kuma nan ne Kiristocin suka zaɓi su ja layi.

Daga nan ƙorafi biyu ke tasowa, suna fuskantar juna. Wasu Musulmi suna ganin amfani da Allah da Linjila da annabi dabara ce ta yaudarar jahili. Wasu Kiristoci kuma suna tsoron kalmomin sun zo da kayan wani addini a bayansu. Na biyun yana da ƙamshin gaskiya. Ceto a bakin Musulmi Bahaushe ya fi karkata ga ceton Manzon Allah ranar ƙiyama, a bakin Kirista kuwa aikin da aka gama a kan gicciye ne, kalma ɗaya tana ɗauke da kaya biyu. Amma haka kowane harshe yake yi, kuma ceto da Ubangiji da tsarki sun yi wa Maguzawa da Arna aiki kafin su yi wa malamai. Na farkon kuwa littafin da kansa ya ba shi amsa. Mai son yaudara da ya goge wuraren da suka fi ɓata wa Musulmi rai. Masu fassarar ba su goge ba. Ɗan Allah yana nan, gicciye yana nan, tashi daga matattu yana nan, a rubuce da Hausar da ba ta bar wurin kwana ba. Kalmomin da aka yi tarayya a kansu su ne ma suka sa saɓanin ya fito fili, domin sai an fahimci juna ake sanin inda aka rabu. A Malesiya, kotun ɗaukaka ƙara ta hana wata jaridar Katolika amfani da kalmar Allah a 2013. A ƙasar Hausa, duk da tashin hankalin da aka gani, har da ƙone majami'u a Maraɗi a 2000 da Damagaram da Yamai a 2015, Kirista yana cewa Allah ya kiyaye, Musulmi yana amsa masa da amin, ba wanda ya ga an ƙwace masa wani abu.

Kwatanci da wata ƙasa mai nisa yana ƙara haske. Mutanen Hangari sun yi shekara ɗari huɗu da ɗoriya a cikin Kiristanci, tun naɗin Sarki Istifanus a shekara ta 1000, kafin wasu limamai biyu masu bin koyarwar Jan Hus su fassara musu littafin a ƙarni na 15. János Sylvester ya buga Sabon Alkawari a 1541, shekarar da Turkawa suka ci Buda, Gáspár Károli ya fitar da cikakken littafin a Vizsoly a 1590, 'yan Katolika suka amsa da fassarar György Káldi a 1626. A can, fassarar ce ta gina harshen rubutu, mutane suna mayar da addininsu cikin bakinsu. A Hausa an yi akasin haka. Littafin ya tarar da gida a gine, da tabarma a shimfiɗe, kuma bai zama uban rubutun Hausa ba. Wannan matsayi na waƙoƙin ajami ne, sannan na su Abubakar Imam da Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939. Rubutacciyar fassarar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Gumi ma sai ƙarshen shekarun 1970 ta fito, amma ta tarar da fassarar baka mai shekaru ɗaruruwa tana jiran ta.

Saura a amsa mai cewa to me aka samu, tunda Hausawa ƙalilan ne suka karɓi addinin. Ta lissafin Miller, an yi asara. Ya yi fatan Kano da Zazzau, ya mutu a Bukuru kusa da Jos a 1952 ba tare da ya gan su ba. Waɗanda suka rungumi littafin su ne al'ummomin Filato da kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa, masu harsuna barkatai, waɗanda da yawansu kakanninsu sun yi yaƙi da mahayan sarakuna. Su ne suka mayar da Hausa harshen majami'a, suka raɗa wa ƙungiyoyinsu suna da ita, kamar Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Ta wannan hanya kalmomin da aka goge a zaurukan Katsina da Sakkwato suka hau duwatsun da dawakin jihadi suka kasa hawa, harshen Hausa ya ƙaru da miliyoyin masu magana da shi, ko da yake ƙananan harsuna da dama sun biya kuɗin wannan ƙaruwa.

Dorugu bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Bayan dawowarsa a 1864 ya yi shekaru yana wa Turawa tafinta, a ƙarshe ya zauna Nassarawa a Kano, yana koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa, Hanns Vischer. A can ya rasu a 1912, shekara ashirin kafin littafin da aka fara da bakinsa ya cika, shekara goma sha biyu kafin 'yan mishan su isa Damagaram. Labarin rayuwarsa kuwa, a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da shi da Turanci, da sunansa a matsayin mai ba da labarin.